Kalmar "Hakimi" Tsakanin Larabci da Kananci da Sakkwatanci

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a jawo hankalin ɗalibai game da wata kalma wadda muke furtawa kullum, amma ma'anarta takan sauya gwargwadon ƙasar da mai magana ya fito. Kalmar kuwa ita ce "hakimi".

Asalin kalmar Larabci ne, daga tushen da ya haifar da "hukunci" da "hukuma". A can tana nufin mai yanke hukunci ko mai mulki, ba tare da an ƙayyade girman ƙasarsa ba. Shi ya sa da Turkanci da Sawahili suka are ta, sai ta zauna a kan alƙali.

Da ta shigo Hausa sai ta zama sunan muƙami a tsarin sarauta. A ƙasar Kano, hakimi shi ne mai riƙon gunduma, daga shi sai Sarki. A ƙarƙashinsa akwai dagatai, sa'an nan masu unguwa. Wannan tsarin gundumomi ya ƙara kafuwa bayan zuwan Turawa a 1903.

Amma a ƙasar Sakkwato abin ya sha bamban. Idan mutum ya je Tambuwal ko Kebbe, zai tarar mai riƙon gunduma "uban ƙasa" ake ce masa. Hakimi kuwa shi ne na ƙarƙashinsa, watau wanda Bakano zai kira dagaci. Ke nan hakimin Kano ya ɗara hakimin Sakkwato da mataki guda.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Da yake Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga Kananci, ɗalibin da ya je bincike Tambuwal yana iya rubuta uban ƙasa a matsayin hakimi, yana ganin ya girmama shi, alhali a kunnen mutanen wurin ya rage masa daraja. Haka kuma mai fassara tarihi yana iya ɗaga hakimin ƙauye zuwa matsayin da bai taɓa riƙewa ba.

Saboda haka ya wajaba mai nazari ya tambayi masu harshe abin da suke nufi da kalma kafin ya dogara ga ƙamus. Ya kuma kamata masu tsara ƙamus su riƙa nuna ma'anar kowane kari daban.