Tauraron da Ba Tauraro Ba

A 1929 wani masanin taurari ɗan Jamus, Cuno Hoffmeister, ya lura da wani ɗigon haske mai yin ƙarfi yana dusashewa. Aka ɗauka tauraro ne, aka raɗa masa suna BL Lacertae. Sai daga 1968 asirinsa ya fara tonuwa: ashe cibiyar wani galaksi ce mai nisan gaske, inda ƙaton baƙin rami ke feso tsirin wuta da gudun da ya kusa na haske, tsirin kuma ya saito mu. Irin waɗannan su ake kira bilaza.

Masana sun kasa su gida biyu. Idan aka tace haskensu aka ga layuka masu kauri, alamar iskar gas mai zafi ke nan, sai a ce kwaza ne, kamar 3C 279. Idan layukan ba su fito ba, a sa shi a dangin BL Lacertae. To amma wanda mai gadi ya taɓa dalle wa tocila a ido da daddare ya san matsalar: hasken za ka gani, fuskar mai riƙon kuwa sai dai ka yi hasashe. Haka tsirin ke rufe layukan.

Nan hasken gama, wato nau'in hasken da ƙwayoyinsa suka fi ƙarfi, ya yi rana. Na'urar Fermi da aka harba sama a 2008 ta nuna cewa na kwaza saurin raguwa yake yi idan aka haura zuwa ƙwayoyin haske masu ƙarfi, na dangin BL Lacertae kuwa ya fi jurewa. Bayanin da aka fi yarda da shi mai sauƙi ne. Ramin kwaza a ƙoshe yake, haske ya cika kewayensa, ilektiron ɗin da ke cikin tsirin na ta karo da shi suna gajiya da wuri. Ɗayan yunwa yake ji, filinsa fayau, ilektiron ɗinsa na tafiya da ƙarfinsu. Markarian 421, wanda na'urar Whipple ta Arizona ta kama haskensa na gama mai matuƙar ƙarfi a 1992, ɗan wannan dangin ne.

A ganina hasken gama shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta isa yanke hukunci ita kaɗai ba, don gidajen biyu na cakuɗuwa a tsakiya. Bilaza fiye da 1,000 ne a kundin Fermi da har yanzu ba a tantance danginsu ba.