Birnin Niyu Yok Daga Hawa Na 86

A cikin manyan biranen duniya na zamanin nan akwai wata al'ada wadda kakanninmu ba su san ta ba, watau mutum ya biya kuɗi, ya bi layi, a ɗauke shi a kai shi ƙololuwar wani dogon bene, ba don ya sayi wani abu ko ya gana da wani ba, sai don kawai ya tsaya ya dubi gari daga bisa. Wanda ya taɓa hawa Dala da hantsi ya hango Kano a shimfiɗe ƙarƙashinsa ya san daɗin abin. Daga cikin irin waɗannan wuraren hange babu wanda ya kai na benen Empire State suna, a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka. Labarinsa muke so mu ba masu karatu yau, mu faɗi yadda ake hawa, da abin da ake hangowa, da kuma abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi in ya isa can. Gama mutane da yawa sukan hau su sauko ba su riƙe kome ba sai tsawon ginin, alhali kuwa babban abin kallon yana ƙasa, watau tsarin garin kansa.

Yadda Aka Yi Gari Ya Miƙe Sama

Cibiyar birnin Niyu Yok wani tsibiri ne da ake kira Manhatan, tsawonsa kamar mil 13, faɗinsa kuwa ko a inda ya fi faɗi bai kai mil biyu da rabi ba. Da mutane suka yi yawa fili ya yi tsada, ba inda gari zai nufa sai sama. Abu biyu suka sa haka ta yiwu. Na farko lifta, watau ɗan ɗakin nan da igiyoyin ƙarfe ke ja sama da ƙasa. Da can mutane suna tsoronta, sai a 1854 wani mutum mai suna Elisha Otis ya tsaya cikin tasa gaban taro a wani bajekoli a Niyu Yok, ya sa aka datse igiyar, birkin da ya ƙago ya riƙe ta ba ta faɗi ba. Na biyu ginshiƙan ƙarfe. A ginin da muka saba, bango ke ɗaukar nauyi, saboda haka in gini zai yi tsawo tilas gindin bangon ya yi kauri. Amma tun wajen 1885 magina a birnin Shikago suka soma kafa ƙashin gini da ƙarfe, bango ya zama sutura kurum.

An soma ginin Empire State ran 17 ga watan Maris 1930, aka buɗe shi ran 1 ga watan Mayu 1931, watau shekara ɗaya da 'yan makonni ke nan. A lokacin da aiki ya fi zafi ma'aikata sun kai 3,400 a rana guda, ginin yana tashi hawa huɗu da rabi kowane mako. Hawansa 102, tsawonsa ƙafa 1,250, in an haɗa da eriyar da aka kafa masa daga baya ya kai ƙafa 1,454. Shi ne bene mafi tsawo a duniya har 1970. Yanzu kam an wuce shi ko a cikin Niyu Yok, balle a yi zancen Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, mai tsawon da ya kusa ninka nasa.

Sai dai an gama shi a mugun lokaci. Tun watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta Niyu Yok ta karye, ciniki ya mutu, kamfanoni suka yi ta rufewa. Da aka buɗe benen kusan kashi uku cikin huɗu na ofisoshinsa ba mai haya, har mutanen gari suka riƙa juya sunansa don ba'a, suna ce da shi fankon bene. Abin da ya rufa wa masu shi asiri shi ne barandar hange ta hawa na 86. A shekarar farko kuɗin da aka tara daga 'yan kallo ya yi kusan daidai da kuɗin hayar ofisoshin duka, kuma sai farkon shekarun 1950 ginin ya soma kawo riba. A shekarun da suka gabaci 2020 masu hawa kallo sukan kai kimanin miliyan 4 a shekara.

Hawa

Mai ziyara yakan shiga ta ƙofar da ke Titi na 34. Bayan an duba tikitinsa an bincike kayansa, sai ya ratsa ɗakunan nuni a hawa na biyu, inda aka jera hotunan magina suna tafiya bisa ƙarfe tsirara ba abin riƙewa. Daga nan lifta ta ɗauke shi, kafin minti guda ya cika ta dire shi a hawa na 80. Kunne yakan toshe kamar na wanda ya nutsa cikin ruwa, maganinsa a haɗiye yawu. Sa'an nan wata lifta ta ƙarasa da shi hawa na 86, ƙafa 1,050 daga titi. Akwai kuma matakala. Tun 1978 ake yin tseren hawa matakai 1,576 zuwa wannan baranda, wani mutumin Ostareliya mai suna Paul Crake ya hau su cikin minti 9 da daƙiƙa 33 a 2003.

Barandar a buɗe take, ta kewaye ginin gabas da yamma, kudu da arewa. An kange ta da dogon shinge na ƙarfe tun 1947 don tsare rayuka, an kuma kakkafa madubin hangen nesa a gefe-gefe. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne iska da shiru. Iskar ta fi ta ƙasa ƙarfi da sanyi, hayaniyar gari kuwa, da hon na motoci da ƙarar jiniya, duk ta narke ta zama guna ɗaya mai taushi kamar kukan ƙudan zuma a cikin amya. Wanda ya ƙara kuɗi yana iya ƙarasawa hawa na 102, wani ɗan ɗaki wanda tun 2019 aka kewaye da gilashi daga daɓe har rufi. Ita wannan hasumiya asali an yi ta ne don a riƙa ɗaure jiragen sama irin masu kama da ƙatuwar balan-balan, fasinja su sauka nan tsakiyar gari, amma ƙarfin iska ya sa aka bar shawarar.

Abin Da Ake Hangowa

In aka fuskanci kudu, can ƙarshen tsibirin ga dogon benen da aka gina kusa da gurbin tagwayen benayen da aka rushe a harin 11 ga Satumba 2001. Tsawonsa ƙafa 1,776, an zaɓi adadin ne don ya dace da shekarar da Amurka ta shelanta 'yancinta. Bayansa cikin ruwa ga Mutum-mutumin 'Yanci, kyautar mutanen Faransa ta 1886, daga nan bai fi tsinke ba a ido. Kusa da shi ga tsibirin Elis, inda aka tantance baƙi kimanin miliyan 12 da suka shigo ƙasar tsakanin 1892 da 1954.

Ta gabas ga Kogin Gabas da gadojinsa, babbar yayarsu ita ce gadar Buruklin ta 1883. A bakin wannan kogi ne hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya take, inda Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi jawabi ran 7 ga Oktoba 1960, ranar da aka karɓi Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikin majalisar. Ta yamma ga Kogin Hudson, hayinsa jihar Niyu Jasi. Ta arewa kuwa, ko da yake sababbin benaye sun tare wani sashe, ana hango wani makeken fili kore shar mai kusurwa huɗu a tsakiyar gine-gine. Shi ne Central Park, watau Lambun Tsakiya.

To, amma mu shawararmu ita ce, bayan mutum ya gama duban nesa, ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Zai ga tankunan ruwa na katako bisa rufin gidaje, gama ƙarfin ruwan famfo na gari ba ya wuce kamar hawa shida, sai an tura shi sama da inji. Zai kuma ga tituna sun miƙe sambal har iyakar ganin ido, waɗansu sun gitta su, gari duka ya zama kamar saƙar tabarma. Wannan ba haka kawai ya faru ba.

Aikin 'Yan Safiyo Da Na Masu Doka

A 1811, sa'ad da mutanen Niyu Yok ba su kai 100,000 ba, kuma yawancin tsibirin gonaki ne da duwatsu da fadamu, wani kwamiti na mutum uku ya fitar da taswirar gari. Suka zana manyan hanyoyi 12 daga kudu zuwa arewa, kowace faɗinta ƙafa 100, da tituna 155 masu gitta su, aka ba kowanne lamba maimakon suna. Hujjarsu ita ce gida mai miƙaƙƙen bango da daidaitacciyar kusurwa ya fi arahar gini, ya fi daɗin zama. Wani saurayi ɗan safiyo, John Randel, ya yi shekara da shekaru yana auna tsibirin, yana kafa turakun dutse fiye da 1,500 a inda mahaɗar tituna za ta kasance. Masu gonaki suka yi ta tumɓuke turakun, suka yi ta sa a kama shi don ya shiga filayensu. Yau baƙon da ya sauka jiya, in aka ce masa Empire State yana Hanya ta Biyar tsakanin Titi na 33 da na 34, zai kai kansa ba tare da tambaya ba, kuma ya san kowane titi 20 mil guda ne.

Shi Lambun Tsakiya ba ya cikin wannan taswira. Daga baya ne aka ga gari zai shaƙe, hukuma ta ware filin a 1853, eka 843 ne yanzu, tun kafin gine-gine su iso wurin. Haka kuma siffar benayen. Mai kallo zai lura tsofaffin dogayen benaye suna da faɗi a gindi, suna tsukewa mataki-mataki in sun yi sama. Dalili shi ne wani bene da aka gama a 1915 ya tashi sak daga bakin titi ya rufe wa maƙwabtansa rana, saboda haka a 1916 aka kafa doka, gini ya riƙa ja da baya gwargwadon tsawonsa don haske da iska su kai titi, hasumiyarsa kuwa ta tashi yadda ta ga dama muddin ba ta wuce rubu'in filin ba. Shi kansa Empire State wannan doka ce ta yanka masa riga.

Kada kuwa a ɗauka abin ya zo kyauta. Don tituna su miƙe an baje tuddai, an binne rafuffuka, an rushe gidajen da suka faɗa kan hanya. Don a yi lambun an tashi mutum kimanin 1,600, cikinsu har da mutanen wata unguwa mai suna Seneka, wadda yawancin masu filayenta baƙar fata ne, aka share ta a 1857 da makarantarta da majami'unta. Daga hawa na 86 ba a ganin wannan, sai kyan tsari kaɗai ake gani. Shi ya sa ya kamata duk mai riƙe da alƙalamin da ke zana gari ya tuna layin da ya ja a takarda ta cikin ɗakin wani zai bi.

Shawara Ga Mai Niyyar Zuwa

Wanda ya sami hali ya zaɓi ranar da gari ya washe, gama masu kula da benen sun ce a irin wannan rana ana hangen nisan mil 80, ranar hazo kuwa ko titin da ke ƙasa ba a gani. Hazon nan ba abin wasa ba ne, shi ya sa wani jirgin saman soja ya ɓace hanya ya daki ginin wajen hawa na 79 ran 28 ga Yuli 1945, mutum 14 suka rasu, ginin bai girgiza daga tushensa ba. Da sassafe layi ya fi sauƙi, amma wanda ya hau da la'asar sakaliya zai ga gari da rana, ya ga faɗuwarta bayan Kogin Hudson, ya kuma ga fitilu suna kamawa titi bayan titi. A riƙe riga mai kauri ko da bazara ne.

Wanda bai sami zuwa ba kuma bai yi asarar darasin ba. Malamin makaranta yana iya zana layi 12 a allo, ya gitta su da waɗansu, ya sa lambobi, ya ce yara su nemo masa mahaɗar Hanya ta Biyar da Titi na 34. Daga nan ya sa su zana unguwarsu kamar daga bisa suke kallonta, su nuna inda hanya ta tsuke, da inda ruwa ke kwanciya da damina, da inda ya kamata a bar fili tun gine-gine ba su cinye shi ba.