Wahalar Binciken Zamanin Da Ga Marubucin Ƙagaggen Labari

Marubucin da zai gina labari a Kano ta ƙarni na 19 yana fara cin karo da matsalar madogara. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma bai damu da abin da talaka ke ci ko yadda ake cinikin goro ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga birnin a 1851, ya bayyana kasuwa da marina da saƙa dalla-dalla, sai dai ido ne na baƙo, kuma cikin gida, inda mata suke, a rufe yake gare shi. Wannan giɓi ne littafin Baba of Karo na 1954 ya rage, domin Mary Smith ta rubuta shi daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya da ke zaune a ƙasar Zazzau.

Ƙananan abubuwa su ne ke tona asirin marubuci. A wancan zamanin, da kuɗin wuri ake ciniki, kuma ayarin raƙuma kan yi watanni kafin ya isa Turabulus. Kalma ɗaya ta zamani a bakin bafatake ta isa ta ɓata babi guda.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya samu sauƙi a littafinsa Shaihu Umar na 1934, saboda dattawan da suka ga cinikin bayi da idonsu suna raye. Marubucin yau sai ya nufi Gidan Arewa a Kaduna, ya tono takardu, ya kwatanta su da abin da jikoki suka riƙe.