Manyan dabbobin teku a ƙofar birnin New York

A shekarar 2011, ƙungiyar Gotham Whale da ke ƙidayar manyan dabbobin teku a ruwan New York ta ga wel mai doro guda biyar kacal. Zuwa 2018 adadin ya kai 272. Dabba ce mai shayarwa, tsawonta kan kai mita 15, nauyinta ya haura tan 30, amma ga ta tana kiwo daura da gaɓar Rockaway, inda ake hango dogayen benayen Manhattan. A ganina birnin ya yi saurin murna, domin abin da ya dawo da dabbobin nan shi ne ya ajiye su a kan hanyar jiragen ruwa.

Ciki ne ya kawo su. A 1972 Amurka ta kafa dokar tsabtace ruwa da kuma dokar kare dabbobin teku masu shayarwa, dattin da ake zubawa a kogin Hudson ya ragu. Haramcin farautar wel don kasuwanci ya fara aiki a duniya a 1986. Sai kuma a 2012 aka ƙayyade yawan menhaden da za a riƙa kamawa, wani ƙaramin kifi mai maiƙo da ke yawo garke-garke kusa da gaɓa. Da kifin ya yawaita, masu cinsa suka biyo baya, akasarinsu matasa. Akwai masu cewa masu kallo ne suka ƙaru, shi ya sa ƙidayar ta kumbura. Suna da 'yar gaskiya, sai dai ana ɗaukar hoton ƙarƙashin wutsiyar kowace dabba, wadda zanenta bai yi kama da na wata ba, kuma hotunan sun nuna waɗansu na dawowa shekara bayan shekara.

Wurin kiwon nan kuwa shi ne mashigar tashar jiragen ruwa mafi hada-hada a gabashin Amurka. Tun daga Janairun 2016 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi a Amurka ke lissafa mace-macen wel mai doro a wannan gaɓa a matsayin abin da ya wuce ƙa'ida, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na gawarwakin da aka bincika suna ɗauke da alamar bugun jirgi ko sarƙewar igiyar kamun kifi. Wasu 'yan siyasa sun ɗora laifin a kan aikin kafa injinan lantarki na iska a teku. Hukumar ta ce ba ta sami hujjar hakan ba; karyayyen ƙashi da saran farfela kuwa ido na ganinsu.

Maganin da aka sani shi ne rage gudu. Dokar 2008 ta tilasta wa jiragen da suka kai mita 20 kada su wuce kimanin kilomita 18 a awa a mashigar tashar, amma daga Nuwamba zuwa Afrilu kawai, don an yi ta ne saboda wani nau'in wel dabam da ya rage kusan 370 a duniya. Masu doro sun fi cika wurin da zafi da kaka, lokacin da dokar ke hutu. Kamfanoni na kukan cewa jinkiri asara ne. Jirgin da ya shafe makonni daga Asiya, ƙarin awa ɗaya ko biyu a ƙarshen tafiya ba zai karya shi ba. Duk da haka, shirin faɗaɗa dokar zuwa ƙananan jirage, wanda aka gabatar a 2022, an janye shi a Janairun 2025.