Manhajar Soja Ma Yanzu Ta Koma Ta Haya

Kamar yadda kake sabunta data ko DStv duk wata, haka gwamnatoci suka fara biyan kuɗin manhajar yaƙi. A 2025 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin Palantir, wadda za ta iya kai dala biliyan 10. Irin wannan manhaja tana haɗa hotunan jirage marasa matuƙa da bayanan sirri, ta nuna wa kwamanda inda haɗari yake.

Kamfanin ne ke gyara ta yana sabunta ta, amma makullin yana hannunsa. Idan Najeriya ta ɗora tsaron iyaka irin ta Dole Kaina kan manhajar haya, da dala za ta riƙa biya. Ranar da biya ya tsaya, ana iya rufe ta alhali sojoji suna cikin daji.