Gaskiya ko Jita-jita: Zafin Katin Hoto a Kwamfutar Gem

Ana tsakiyar wasa sai fankokin kwamfuta su ɗauki gurnani, hoto ya fara sarƙewa, can sai allo ya yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya yi wata da watanni yana tara kuɗin katin hoto, wato GPU, ya san yadda gaba ke faɗuwa a wannan lokaci. Kafin ya farga shawarwari sun yi masa rubdugu: wannan ya ce a kwance katin, wancan ya ce a jera masa ƙanƙara. Na ga lafiyayyun katuna da gurguwar shawara ta kashe, kuma abin yana yi mini ciwo, domin yawancin matsalolin zafi ba sa bukatar ko sukundireba. Ga maganganu bakwai da aka fi yaɗawa, da hukuncin kowacce.

1. "Da zarar kati ya haura digiri 80, ƙonewa zai yi"

Jita-jita ce. Fatar mutum ba ta jure ƙarfe mai digiri 60, amma an ƙera katin ne don ya yi aiki a sama da haka. Kamfanin NVIDIA ya sa iyakar RTX 3060 da RTX 3080 a digiri 93 na ma'aunin Salshiyos, ta RTX 4090 kuma a 90. A shekarar 2019 kamfanin AMD ya bayyana cewa wuri mafi zafi a cikin RX 5700 XT yana iya kaiwa digiri 110 ba tare da an ƙetare ƙa'ida ba. Kati kuma yana kare kansa: idan ya kusanci iyaka sai ya rage gudu, idan abin ya faskara ya kashe kansa.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne aunawa. Manhajojin GPU-Z da HWiNFO kyauta ne, kuma suna nuna zafin ƙwaƙwalwar katin, da na wuri mafi zafi a jikinta, a wasu katunan har da na memori. A bar ɗaya a buɗe, a yi wasa na rabin awa, sannan a duba. Kati mai digiri 78 da gudunsa bai faɗi ba lafiyarsa ƙalau. Wanda ke manne da iyaka, gudunsa yana zubewa, shi ne mara lafiya.

2. "Fankar ba ta juyawa, ta mutu ke nan"

Galibi jita-jita ce. Katunan zamani da yawa suna tsayar da fankarsu cak idan babu aiki, sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 take tashi. A kunna gem a leƙa. Idan zafi ya haura 70 fanka ba ta motsa ba, ko ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, ko ana jin ƙarar gogayya, to a nan akwai magana. Sau da yawa ma wata waya ce ta saƙale a fiffiken.

3. "Zafin ɗaki da ƙura su ne manyan masu laifi"

Gaskiya ce tsagwaronta, kuma mu ta fi shafa. Kati ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki yake zuƙa ya huce da ita. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, kusan digiri ɗaya katin zai ƙara. Alƙaluman da ake gani a bidiyon masu gwaji na Turai da Amurka, a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai ake ɗaukarsu. Wanda ke wasa a Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu, ana zafin da ya haura 40 a waje, kada ya sa ran ganin lamba iri ɗaya da tasu. A tuna kuma RTX 3080 yana shan wuta har wat 320, kuma kusan dukkanta zafi take komawa a cikin ɗakin.

Sai ƙurar hunturu. Wani ƙanena ya taɓa kawo mini kwamfutarsa yana cewa katin ya gama yawo. Da muka cire murfi muka haska tocila tsakanin siraran ƙarafan da ke bayan fanka, masu kama da lagireton mota, sai muka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar bargo. Da tsinke na ɗago ta, ta fito falle guda. Muka fita da akwatin kwamfutar tsakar gida, muka riƙe fiffiken fanka da yatsa don kada iska ta juya shi fiye da kima, muka hura da bulowa. A ranar katin ya daina mutuwa, ko kwabo ba a kashe ba. Akwatin ma a kan kafet yake ajiye, an matse shi da bango, sai muka ɗora shi kan tebur.

4. "A buɗe murfin akwati, a saita masa fankar ɗaki"

Rabi gaskiya. A matsayin gwaji, dabara ce mai kyau ƙwarai. Idan an cire murfi zafi ya sauka sosai, katin ba shi da laifi, akwatin ne ba ya numfashi. Maganinsa fankokin gaba su shigo da iska, na baya da na sama su fitar da ita, a kuma kauda wayoyin da suka tare hanya. Amma barin akwati a buɗe kullum gayyatar ƙura ce. Ƙanƙara ko iskar firij kuwa, a yi nesa da su: raɓa za ta kwanta a kan allon lantarki, ruwa da wuta kuma ba sa shiri.

5. "A canza tamal fes kawai, ko makilin ma ya isa"

Maganar makilin jita-jita ce mai haɗari. Ruwa ne a cikinsa, yana bushewa cikin ɗan lokaci, ya bar ƙwaƙwalwar katin cikin zafin da ya fi na da. Shi tamal fes na gaske, man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke zuƙe zafinta, yakan bushe bayan shekaru. Alamarsa ita ce tazara mai yawa tsakanin zafin ƙwaƙwalwa da na wuri mafi zafi. Digiri 10 zuwa 20 ba abin damuwa ba ne, amma idan ta doshi 30, man ya gaji ko ƙarfen bai zauna daidai ba.

Ko a nan ma a bi a hankali, kada garin neman gira a rasa ido. Ƙwaƙwalwar katin hoto tsirara take, ba ta da murfin ƙarfe irin na furosesa, don haka dole man ya rufe fuskarta duka. Akwai kuma 'yan katifu masu laushi a kan memori, kowacce da kaurinta, wata milimita 1, wata 1.5, wata 2. Idan aka sa wadda ta fi kauri sai ta ɗage ƙarfen, zafi ya ƙaru. Katin da garantinsa bai ƙare ba, a fara mayar da shi wurin mai sayarwa.

6. "Rage wa kati wuta yana kassara shi"

Jita-jita ce. Da manhajar MSI Afterburner ana iya sauke iyakar wutar kati zuwa kashi 80 cikin 100. Zafi da ƙara su ragu a fili, gudun da aka rasa kuma ɗan kaɗan ne, da wuya ido ya gane. Haka nan idan allonka hotuna 60 yake nunawa a daƙiƙa, babu amfanin barin kati yana zana 200. A ƙayyade adadin a cikin saitin gem ɗin. Ga mai amfani da sola ko janareta, riba biyu ke nan.

7. "Sabon kati ba ya zuwa da ciwon zafi"

Wannan ma jita-jita ce. A farkon 2023 AMD ya amsa cewa wasu katunan RX 7900 XTX ƙirar kamfanin sun fito da tangarɗa a sashen sanyaya su, har suna kaiwa digiri 110, ya kuma ce a dawo da su a canza. Idan sabo na iya haka, ina ga na hannu? Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙo ta katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi aikin haƙon dare da rana suka cika kasuwa. Ba duka ne marasa kyau ba, amma kada a biya kuɗi sai an ga katin yana wasa, ma'aunin zafi a buɗe.

Saboda haka, ranar da katinka ya ɗauki zafi, bi abin daki-daki. Fara da aunawa. Duba fanka, share ƙura, ba akwatin sarari, rage wuta. Sai duk waɗannan sun gaza sannan a ɗauko sukundireba, kuma a hannun wanda ya san aikin. Kati guda kuɗin abincin gida ne na watanni, ya cancanci haƙurin rabin awa kafin a taɓa notinsa.