Bayani Nawa Ya Kamata a Rubuta a Kod ɗin Haɗa Ƙunshin Manhaja?

Kafin manhaja ta shiga kwamfutar mutum sai an haɗa ta cikin ƙunshi, irin su MSI a Windows, deb a Debian da Ubuntu, ko RPM a Fedora. Akwai kod na musamman da ke wannan haɗi, shi ke faɗin inda kowane fayil zai sauka, abin da za a goge, da yadda sabon fitowa zai maye gurbin tsoho. A kamfanoni da yawa mutum ɗaya ne ya san kansa, sauran kuwa ba sa leƙa shi sai ranar da abu ya ɓaci. Shi ya sa ake yawan gardama a kan adadin bayanin da ya dace a rubuta a cikinsa.

Masu cewa kod mai kyau yana bayyana kansa suna da gaskiyarsu. Layin da ke kwafe fayil zuwa wani wuri bai buƙatar a rubuta a samansa cewa yana kwafe fayil. Irin wannan bayani kan tsufa, a canza kod a manta da shi, ya zama yana faɗin abin da ba haka ba. Amma kod yana nuna abin da aka yi ne kawai. Dalilin da ya sa aka yi shi yana cikin kan wanda ya rubuta, kuma mutumin nan wata rana zai bar aikin.

Abin da ya faru da Debian ya isa darasi. A shekarar 2006, mai kula da ƙunshin OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri, ya cire layuka biyu masu kama da juna, saboda Valgrind, manhajar binciken kurakurai, tana ta ƙorafi a kansu. Cire ɗayan ba shi da wata illa sosai. Ɗayan kuwa shi ke zuba bazuwar da ake ƙera makullan sirri da ita. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano ɓarnar, bayan an shafe kusan shekara biyu kwamfutoci suna ƙera makullai daga cikin kimanin 32,000 kacal ga kowane nau'i, waɗanda ɓarawo zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya masu OpenSSL suka rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a kan layin cewa kada a cire shi. Jimla ɗaya ce, amma ta zo bayan aikin gama ya gama.

Akwai kuma bayanin da ba ya amfanar kowa. A Janairun 2015 aka gano cewa wani layi a rubutun da ke tayar da manhajar Steam a Linux yana iya share duk fayilolin mai kwamfuta idan sunan wurin da manhajar take ya fito fanko. Wanda ya rubuta layin ya san hatsarinsa, don ya bar kalma ɗaya a kansa da ke nuna abin tsoro ne. Bai faɗi sharaɗin da zai sa ya yi ɓarna ba, bai kuma sa shingen da zai hana ba.

A ganina, wurare uku ne ba a yi musu rowar bayani. Na farko shi ne duk inda ake gogewa ko taɓa abin da ba na manhajar ba, domin irin wannan kod yakan yi aiki da cikakken ikon mai gudanar da kwamfuta. Sai lambobin shaida, kamar UpgradeCode a ƙunshin MSI, wanda idan wani ya canza shi bisa rashin sani, sabon fitowa ba zai gane tsoho ba, mai saye ya wayi gari da kwafi biyu. Na ukun shi ne duk gyaran da aka yi wa kod ɗin wasu. A nan Debian ta kyauta da ta fito da tsarin DEP-3, inda kowane faci ke ɗauke da bayanin asalinsa da dalilinsa, da ko an aika wa masu manhajar.

Akwai ma batun tsaro. Ƙofar ɓoye da Andres Freund ya bankaɗo a manhajar xz a Maris 2024 an cusa ta ne ta rubutun haɗa manhajar, wurin da kowa ya saba ganin layuka masu wuyar fahimta ya wuce. Inda aka saba tambayar dalilin kowane baƙon layi, ɓoye irin wannan zai fi wuya.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin masu rubuta manhaja su daina amincewa da duk wani canji a kod ɗin haɗa ƙunshi matuƙar mai shi bai rubuta dalilinsa a gefensa ba, ta yadda sabon ma'aikaci zai karanta ya gane ba tare da ya nemi kowa a waya ba.